Rawar Sakin Hannu

Ƙanena Rabi'u ya iya tsayuwa a kan takalmi mai taya tun kafin ya iya wanke rigarsa. Wani direban babbar mota ne ya bar masa tsohon takalmin a garinmu Dingaya, shi kuwa ya mai da daɓen simintin da ake shanyar hatsi filin wasansa. Innarmu ta sha bin sa da muciya, bai fasa ba. Da ya tasa sai ya koma Birnin Kudu ya shiga ƙungiyar matasa masu wasan taya, kuma duk gasar da aka shirya a jiha shi ke ɗauko kofi. Yakan tsaya a ƙafa ɗaya ya yi ta juyi har masu kallo su ji jiri, shi ko a jikinsa.

Abokin wasansa Barau ne, ɗan garin Kiyako, mai daɗin baki. Wasan da ya fito da su na mutum biyu ne. Barau zai kama wuyan hannun Rabi'u ya yi ta kewayawa da shi, Rabi'u ya kwanta baya har ƙeyarsa ta kusa shafar ƙasa. Kafin su shiga fili sukan shafa toka a tafin hannu saboda santsin gumi.

Ranar da masu neman 'yan wasa suka zo daga Abuja suka ce mutum ɗaya za su ɗauka, Barau ya saki hannu ana tsakiyar juyi. Gwiwar Rabi'u ta daki bakin daɓe ta tarwatse. Barau ya yi ta sharɓar kuka a asibiti, yana gaya wa kowa Rabi'u ne ya manta toka. Aka yarda da shi, aka ɗauke shi. Ya tafi, ya dawo da tumbi da mota, har ya zama alƙalin gasa. Ni dai ban ƙara amsa gaisuwarsa ba, kuma ko kaɗan ban yi nadama ba.

Ɗingishin bai dami Rabi'u kamar ƙaryar ba. A kasuwar Gwaram in mutum ya yi sakaci sai ka ji an ce masa, “Kai ma ka manta toka?” Rabi'u yana ji, yana haɗiyewa.

Da wasa ya gagara, sai ya koma tsara rawa ga ɗaliban makarantu. Yana zaune a kujera da sanda a hannu, yana nuna musu inda ƙafa za ta sauka da lokacin da za a juya. Ya yi suna a nan ma. Na ɗauka ya haƙura, ashe jira yake.

Shekarar da aka sa Barau cikin alƙalan gasar makarantu a Birnin Kudu, ɗaliban Rabi'u suka fito bibbiyu. Kowa ya shafa toka ya ɗaga tafinsa jama'a suka gani. Suka kama hannu suka shiga juyi. Sai mai riƙo ya waiwaya gefe, ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daidai da bugun ganga, ɗan'uwansa ya zube. Mai riƙon kuma ya ɗora hannu a ka yana kukan ƙarya yana karkaɗa kafaɗa. Dariya ta ɓarke a fili, idanu duk suka koma teburin alƙalai. Wallahi ranar na ji sanyi a raina.

Barau ya ba su matsayi na ƙarshe. Bai yi masa amfani ba, don kafin damina rawar ta shiga gidajen biki daga Sundimina har Gwaram.

Wata ranar Juma'a sai ga shi a ƙofar gidanmu. Ko tabarma ban shimfiɗa masa ba.

“Rabi'u, don girman Allah ka sa a daina,” in ji shi. “Jiya 'yata Sadiqa ta yi mini ita a tsakar gida, har da kukan. Ta tambaye ni wai wane mugu ne ake kwaikwaya.”

“Me ka ce mata?”

“Ban ce komai ba.”

Rabi'u ya gyara zaman ƙafarsa a hankali. “To koma ka faɗa mata. In bakinka ya yi nauyi, ran Litinin tana cikin masu zuwa koyo wurina, ni zan faɗa mata.”