Rubu'in Adama

Duk wanda ya zauna Ƙofar Doka a shekarun tamanin ya san Malam Nasidi, disfensan ɗan asibitin sha-ka-tafi na unguwar. Kai, ba a taɓa yin mutumin da ɓarna ke ƙona wa rai kamarsa ba!

Fanisilin gari ne a 'yar kwalba. Da an zuba masa ruwa, in ya kwana ya lalace, ga shi babu firij. Ƙaramin yaro rubu'i ya ishe shi, saura sai bola. Da magani ya yi wuyar samu, sai Nasidi ya aro sikelin masu awon gyaɗa. Ya auna yaro, ya duba littafinsa inda ya rubuta nauyi da awannin da magani ke yi a jiki, ya haɗa yara huɗu a kwalba guda. Ba ya buɗe ta sai huɗun sun cika. Mata har tsokanarsa suke yi: "Malam, yau buhu nawa muka kawo?" Yara da yawa sun rayu ta haka.

Wata Talata da damina, ruwa ya hana kowa fitowa, sai Batulu, wata baƙauyiya, ta iso sharkaf da 'yarta Adama a goye, ƙirjin yarinyar na ƙugi. Nasidi ya ɗauki kwalba, ya juya ta, ya leƙa bencin da babu kowa.

"Baiwar Allah, ki dawo gobe da hantsi. Za a samu wasu yaran."

"Malam, ko kaɗan ne a yi mata."

Ya ba ta maganin zazzaɓi, ta tafi.

Washegari yara uku suka zo. Ya jira ta huɗun har azahar, sai ga kawun Adama a keke: an kai ta makwancinta tun da safe. Innalillahi! Ya yi wa ukun allura, rubu'i ya rage a kwalbar.

Daga ranar ko yaro ɗaya ne sai ya buɗe kwalba. To, magani ya riƙa ƙarewa tun tsakiyar wata, yaran ƙarshen wata su koma gida haka nan. Ya san sunayensu duka, baƙin ciki ya ramar da shi. Shekara goma sha ɗaya yana wannan hali har ya yi ritaya.

Da ya rasu, matarsa Hauwa ta tsinci kwalbar a aljihun rigarsa. Ruwan ciki ya bushe ƙaf, sunan Adama na jiki.