Zoɓon Jibin Ubangiji

A majami'armu ta Matameye da zoɓo ake yin Jibin Ubangiji, a madadin ruwan inabi. Ba mu da yawa, malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da iyalansu, tukunya ɗaya ta ishe mu. Yayata ce take dafa shi tun ina koleji. Ba ta sa citta, sukari ma ɗan kaɗan, takan ce wannan ba na biki ba ne. Da ta rasu aikin ya faɗo kaina, ba wanda ya tambaye ni ko zan iya.

Bikin ɗiyar gwaggonmu ne ya ƙetarar da mu iyaka, ni da ita. An ɗaura aure ran Asabar, Lahadi muka shiga sujada a majami'ar ƙauyen. Ana cikin waƙa ta biyu muka ji babura, na ɗauka abokan ango ne. Abin da ya biyo baya ba na iya jera shi. Na san dai Yaya ta danna kaina ƙarƙashin benci, ta faɗo kan ƙafafuna, nauyinta yana ta ƙaruwa. Ɗaya daga cikin maharan ya tsaya dab da fuskata yana ɗura harsashi, ko haki ba ya yi. Fuskarsa ban gani ba, takalminsa na gani, na roba, shuɗi, an ɗinke maɗaurinsa da waya. A can aka binne Yaya tare da sauran waɗanda aka kashe. Na dawo gida da jakarta a cinyata.

Har yau in babur ya yi ƙara a bakin tasha sai in tsinci kaina a durƙushe. Ranar kasuwa kuwa ƙafafun mutane nake bi da ido.

A zaman makoki fasto ya yi ta magana kan gafara. Baba, wanda dattijo ne a majami'a, ya miƙe a rana ta uku ya ce shi ya yafe. Na dube shi kamar ban taɓa saninsa ba. Sai ga Hajiya maƙwabciyarmu, mai ƙuli-ƙuli, wadda Yaya take yi wa 'ya'yanta kitso. Ta zauna kusa da ni, ba ta ce in yi haƙuri ba. Cewa ta yi, "Allah ya isa tsakaninmu da su, duniya da lahira." Tun da na dawo, maganar da ta fara shiga cikina ke nan.

Bayan kwana biyu na same ta tana matsar mai. Na roƙe ta ta riƙa sa mai shuɗin takalmin nan a addu'arta bayan kowace salla: kada ya ga alheri, kada ya mutu a kan shimfiɗa, uwarsa ta ji abin da tamu take ji. Na ce mu an hana mu roƙon irin wannan.

"Ke ɗiyar nan, 'yar aike kika mai da ni?" in ji ta. "Ku a ɗakinku ba a jin kukan wanda aka zalunta?"

Ta yi dariya, sai kuma ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce za ta yi, amma bakina ya fi nata kusa.

Al'adarmu, kafin a zagaya da kofuna fasto yakan ce duk mai riƙe da wani a zuciya kada ya sha sai sun shirya, in ba haka ba hukunci yake sha wa kansa. Na sha ganin mata biyu sun fita bayan majami'a sun gaisa, sun dawo suna gyara ɗankwali. To ni da wa zan fita?

Ran Asabar na tace zoɓon, da na ga jansa a rariya sai da na yi amai. Baba ya iske ni a madafa. Ya ce gobe in daure in sha, idon kowa yana kan gidanmu, in na ƙi za a ce bangaskiyarmu ta tafi da Yaya. Na ce to. Amma tsoro biyu ne a cikina: in sha da ƙarya a gaban Ubangiji, ko in kunyata tsohon a gaban jama'a.

Ran Lahadi shi ne mai zagayawa da faranti. Ya iso layinmu, ya tsaya gabana. Na naɗe hannuwana a ƙirji.

"Ɗauki, ɗiyata," ya ce a hankali.

"Baba, so nake ya mutu. Kullum roƙona ke nan."

Ya ci gaba da miƙo mini farantin. Matar fasto ta waiwayo. Sannan ya wuce ga na kusa da ni.

Ni nake cika kofunan, daidai yawan masu baftisma da suka halarta, ni kuma nake wanke su. Da aka tashi na ɗauko farantin daga kan tebur. Kofi biyu ne cike. Baba yana bakin ƙofa yana gaisawa da mutane, bai dubi inda nake ba. Na kai su gindin dogon yaro na zubar.