Kuɓewar Maƙwabciyata

Jiya na ga ɗanyar kuɓewa a kasuwar manoma ta unguwar Parkchester a nan Amurka, sai na tuna marigayiya maƙwabciyata, tsohuwa ’yar jihohin kudancin ƙasar. Duk shekara takan shuka kuɓewa a lambun unguwarmu, ta turmusa ta a garin masara ta soya, ƙamshi ya cika bene.

Wata rana na ce, “Mama, ki huta mana, akwai ta firji a kanti.”

Ta miƙo min mai zafi. “Ɗanɗana, ’yata. Wannan ta sha rana.”

Yanzu masu lambun suna shirin ba wani filinta. Na ce a’a, ni zan noma shi, ko ban iya ba zan koya. Allah Ya saka mata da alheri, Ya sa wa hannuna albarka irin tata.