Ranar da Asmus Ya Cika Saba'in

Asmus Callesen maƙwabcina ne a ƙauyenmu na ƙasar Denmark, kusa da iyakar Jamus, kuma ban taɓa ganin mai saurin sauya riga irinsa ba. In ka zauna da shi sai ya cika maka kunne da labarin wani kakansa, wai yana filin daga ranar da almara ta ce tutar ƙasarmu ta faɗo daga sama zamanin sarakunan da, wai ma shi ya cafe ta. Mu dai kakan da muka sani kiwon agwagi yake yi a fadama.

An haifi Asmus lokacin da yankinmu ke hannun Jamus. Iyayenmu suna taruwa a teburin gahawa suna rera waƙoƙin Denmark da aka hana, shi kuwa yana kai wa ɗan sandan Jamus ƙwai. Da aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1920 muka koma Denmark, sai ga shi ya kafa sandar tuta wadda ta fi ta kowa tsawo. Da sojojin Jamus suka dawo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tuta ta shige akwati, man shanunsa da aladunsa suka kama hanyar bariki. A shekarun nan sojojin suka zo suka tafi da Laust maƙeri, mijin Botilde, saboda bindigogin da ya ɓoye a bayan maƙera. Bai dawo ba. Tagar Asmus kaɗai ke kallon wajen, kuma kowa ya san wanda ya kai rahoto. Ranar da aka 'yantar da ƙasa, ga gogan naka a gaban jerin gwano yana kukan murna har da majina.

Da tsufa ya kama shi, buri ɗaya ya rage masa. A nan in dattijo ya cika saba'in, maƙwabta kan ɗaga masa tuta tun da safe. Asmus yana so ya ga layinmu ya yi ja da fari da tutoci dominsa, ya tabbata an manta. Ya bi gida-gida yana washe baki.

Ya ce da ni, "Ranar Asabar fa, maƙwabci. Kek kala-kala, har da mai kirim. Kada igiyar tutarka ta maƙale."

Na ce, "To, Asmus, mu ga yadda iska za ta kaɗa. Kai ka fi kowa sanin iska."

Ya yi dariya. Ni kuwa ji na yi kamar in tofar da yawu.

Asabar ta zo. Ya ɗaga tasa, ya saka baƙar kwat, ya tsaya a ƙofa. Sandunan layi suka tsaya tsirara. Azahar ta wuce, gahawa ta huce, ƙuda ya samu kek. Matarsa ta leƙo ta ce ya shigo haka nan, ya daka mata tsawa.

"Ba zan sauke ba sai sun ɗaga! Wa ya fi ni son ƙasar nan?"

Yana nan yana zare ido a kan ƙofofinmu har rana ta faɗi bai lura ba. Ko ɗan yaye a ƙasar nan ya san tutar da rana ta faɗi tana sama, Shaiɗan aka ɗaga wa. Mutumin da ya shekara talatin yana yi wa mutane wa'azin ladabin tuta!

Sai ƙofar maƙera ta buɗe. Botilde, wadda rabonta da yi masa magana tun ranar da aka tafi da mijinta, ta tako har bakin shingensa. Asmus ya cire hula, baki har kunne, yana zaton gaisuwa ce ta iso. Ta ɗaga kai ta dubi saman sandar. Ya bi idonta, ya zabura ya kama igiya zai sauke tutar.

Ta ce, "Bar ta, Asmus. Ka ɗaga wa Jamus, ka ɗaga wa Denmark. Yau ɗaya da ka ɗaga wa ubangidanka na gaskiya, kada ka sauke."