Takin da Manjo Ya Kira Shara

Ƙarfe bakwai daidai na safiyar wata Asabar, ana tsakiyar bazara, kuma har yau ban manta ba. Mu uku ne a ƙofar gida: Manjo mai gidan, Madam matarsa, da ni. Manjo babban hafsa ne da ya yi ritaya ya dawo Zuru. Ni da igiya biyu na bar soja, wato kofur. Ya ɗauke ni kula da ciyawar gaban gidansa, ya ba ni ɗaki a baya.

Ciyawar kiri-kiri ce, na same ta ta yi ja, duk ta zama faci-faci. Kullum safiya ana share wurin kamar filin fareti, a ƙone ganyen. Ranar Lahadi baƙi su jera motoci a kai. Ƙasar ta taurare, in ka zuba ruwa sai ya gangara kwata.

Manjo ya yi tafiya, na kama aiki bi da bi. Da farko na sassauta ƙasar da diga, ban taɓa saiwa ba. Na biyu, na je wata ruga a hanyar Ribah na ɗauko ruɓaɓɓen kashin shanu a babur. Na uku, na barbaza shi, na rufe da ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye laima. Na huɗu, na hana shara a wurin. Saura ruwan sama kawai.

Al'adar Manjo ce duk Asabar ya zagaya gida da sanda, yadda ake duba bariki. Wannan ce Asabar ta farko bayan dawowarsa. Ya tsokani ɓawon gyaɗa da sandar.

"Kofur, mene ne wannan?"

"Abincin ƙasa ne, Oga."

"Ita ta ce maka tana jin yunwa? Nan gidan hafsa ne ko juji?"

Madam ta toshe hanci. "Gobe matan zumunta za su zo daga coci. In ce musu me, mun koma kiwon shanu?"

"Oga, a yi mini haƙuri zuwa ruwan farko."

"Kafin la'asar in ga wurin nan tas, ko in ga makullin ɗakina."

Duk zamana a soja ban taɓa musu da na sama da ni ba. Ranar na ƙame, na ce in aka share, ciyawar ta mutu ke nan. Da la'asar na miƙa makulli, na ɗaure katifata a babur.

Direban gidan aka ba aikin. Ya share ɓawon gyaɗa, amma taki ya riga ya shige ramukan da na sara, tsintsiya ba ta kai can. Ya watsa takin zamani ɗan kaɗan a sama. Ruwa ya sauka, ciyawa ta tashi kore shar.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada a coci, ina tsaye a bayan Manjo, na ji yana gaya wa dattawa, "Tun da na sallami tsohon nan ciyawata ta farfaɗo." Ya juyo ya gan ni, ya ce, "Kofur, ka zo ka koyi aiki wurin direbana."

Na sara masa.

Ku masu tasowa a wannan sana'a, roƙona ɗaya ne. Kafin ku sa diga a gidan kowa, ku gaya masa ƙiri-ƙiri cewa wurin zai yi muni, zai yi wari, kafin ya yi kyau. In ya ɓata fuska, ku ajiye diga, ku ɗauki tsintsiya, ku riƙe ɗakinku.