Goron da Baba Ya Kai wa Magini

A shekarun da kuɗin mai suka fara kwararowa ƙasar nan, ina malamin gona a Ƙanƙara. Albashi ya ƙaru, kaina kuma ya kumbura fiye da albashin. Na sayi babur, na sayi agogo, na fara ganin ɗakin da nake sauka a gidanmu na ƙauye, kusa da Ruwan Godiya, ya yi mini kaɗan. Da kaka ta yi na gaya wa Baba ina so in gina nawa gidan a filin da ke gabas da namu. Ya ji daɗi ƙwarai. Bai tambaye ni wane irin gida ba, don a wurinsa gida iri ɗaya ne. Washegari ya ƙunshe goro a ganye ya kai wa tsohon maginin garinmu.

Wannan tsoho shi ya gina zaurenmu, shi ya gina ɗakin da aka haife ni. A wajenmu, in an kai wa magini goro ya karɓa, magana ta ƙare, ba takarda ba shaida. Daga ranar zai ƙi duk wani aiki na wannan rani, domin ginin ƙasa ba ya yiwuwa sai tsakanin kaka da saukar ruwa, kuma magini ɗaya ba ya riƙe gida biyu. Na san wannan sarai. Ba zan ce ban sani ba.

Ni kuwa ba gidan ƙasa nake nufi ba. Na ga gidajen bulo da rufin kwano a Funtuwa, sun tsaya mini a rai. Wani abokin aikina ya kai ni wurin wani Alhaji ɗan kwangila, mai fara'a da ƙamshin turare. Ya shimfiɗa mini zanen gida a takarda, ya nuna mini falo da tagogin gilashi. Ban je na ga ko gida ɗaya da ya taɓa ginawa ba, ban tambayi kowa halinsa ba. Gaskiyar abin da ya sa na zaɓe shi ita ce, sau uku yana ce mini ranka ya daɗe, ni da ba a taɓa ce wa haka ba. Nan take na sa hannu. Ya ce siminti na wahalar samu, in ba shi wata biyu.

Wata biyun nan su ne abin kunyata.

Duk Asabar in na dawo gida, hanyata ta bakin ramin da ake haƙar jar ƙasa take bi. Nan zan tarar da tsohon ya naɗe wando har gwiwa yana taka ƙasa da ciyawa, ko ya durƙusa yana mulmula tubali yana jerawa a rana. Da ya ji ƙarar babur sai ya ɗago hannu, dole in tsaya. Zai nuna mini waɗanda suka bushe, ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa in ji ƙararsa, ya tambaye ni ina nake son ƙofar zaure ta kalla. Ni kuma in ce masa duk yadda ya gani. Har tsokanata yake yi, wai zai yi mini ƙofa mai faɗi don babur ya shiga ba sai an ɗaga shi ba. In yi dariya, in taka babur, zuciyata na ce mini munafuki.

Kullum sai in ce mako mai zuwa zan faɗa. Tsoron fuskar Baba nake yi, ina kuma jin nauyin tsohon. Har na riƙa fatan ɗan kwangilar ya yaudare ni ya ƙi zuwa, in huta. Bai yaudare ni ba. Wata Asabar da hantsi tifa ta shigo garin, ta juye bulo a filin, mutane suka taru suna kallo.

Baba bai ce komai a gaban jama'a ba. Sai da muka shiga zaure ya dube ni ya ce, “Goron nan da hannuna na kai shi. Ni ka maida maƙaryaci, ba kanka ba.” Ya ɗauki sandarsa ya tafi don ya ba tsohon haƙuri. Bai ce in biyo shi ba, ni ma ban bi shi ba, na ma ji sauƙi da bai ce ba. Mako uku na yi ban taka garin ba, ina fakewa da aiki.

Ranar da na dawo duba gini, bango ya kai ƙirji. Muna tsaye da ɗan kwangilar yana yi mini bayani, sai na hangi tsohon cikin leburori, da kwanon siminti a kansa. Rani ya yi nisa, duk mai gini ya riga ya sami magininsa, shi kuwa yana da iyali da za su ci. Birkilan da ke kan bango, wanda a haife tsohon ya haife shi, yana daka masa tsawa wai ya ɗaga ƙafa. Ɗan kwangilar ya ga inda idona yake, ya tambaye ni ko na san shi.

Na ce, “Ɗan garinmu ne.”

Iyakar abin da na faɗa ke nan game da mutumin da ya gina ɗakin da aka haife ni. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

Da Alhajin ya tafi, na sami tsohon yana cika kwano a wurin kwaɓi. Na durƙusa na gaishe shi, na fara kame-kame, wai ya ajiye wannan aiki, bai dace da shi ba, zan san abin da zan yi. Ya bar ni na gama. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da na fi jin daɗi.

“Malam, ba bulon ya dame ni ba,” in ji shi. “Zamani ne, kowa ya gani. Amma da ka hwaɗa mani tun da kaka, da ban maida mutanen Mairuwa da suka zo nemana da goronsu ba.”

Birkila ya sake ƙwala masa kira daga kan bango. Ya ɗora kwanon a ka, ya ga na tare masa hanya, ya ce in ɗan gusa mashi ya wuce.

Na gusa.