Adda Rifkatu ba ta kai saman Dala ba

Da safen nan ina cikin buɗe shago labarin ya iso ni. Adda Rifkatu ta rasu.

Na zauna a bakin ƙofa da kwaɗo a hannuna. Har yanzu ban share shagon ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce telar da shagonta ke manne da nawa a nan Mubi. 'Yar Gella ce, Kirista, ni kuma iyayena daga Borno suka zo. Ba ta taɓa kirana da sunana ba sai "'yar Barebari".

Ita ta koya mini yanka wuyan riga. In na tafi salla, ita ke tsare mini kwastoma. Da na yi ɓari, sati guda tana ɗinka kayan mutanena da kekenta, ban sani ba sai da na dawo na tarar an goge su an ninke.

Watan jiya na raka ta asibiti a Kano saboda ciwon zuciya. Likita ya duba hoton da aka ɗauka. Ya ce zuciyar ta kumbura, aikin da take buƙata kuma an makara. Ya rubuta magani, ya ce ta koma gida ta huta.

Mun fito ina kuka, ita kuwa ta tare keke napep ta ce, "Kai mu Dala."

Na ce, "Adda, ba ki ji abin da likita ya ce ba?"

Ta ce, "Na ji. Tun ina firamare ake ba mu labarin dutsen nan. Na zo Kano in koma ban gan shi ba?"

A bakin ƙofa akwai layi, 'yan makaranta da masu ɗaukar selfi. Na ciro jaka zan biya, ta buge hannuna, ta ce yau ita ce mai gayya. Mai yankan tikiti ya ji Hausarta, ya yi dariya ya ce, "Hajiya daga ina?"

"Daga Mubi," in ji ta. Ta ɗaga kai ta kalli dutsen. "Wannan ne Dala ɗin? A Gella awaki ma ba sa kiran irinsa dutse."

Kowa a layin ya yi dariya.

Muka fara hawa. Matar da ta taso tana saukowa da itace daga duwatsun Gella, sai ga ta tana riƙe kafaɗata a kowane mataki. Yara suna wuce mu da gudu. Ba mu kai rabi ba ta zauna, leɓenta ya yi fari, tana jan numfashi da ƙyar.

Na ce mu sauka. Ta ce a'a, an riga an yanka tikiti, in hau in gano mana.

Na hau ni kaɗai. Kano gaba ɗaya a shimfiɗe, rufin kwano har inda ido ya tsaya. Ban ji komai ba. Ita nake leƙowa, tana zaune can ƙasa a ɗan gefe don kada ta tare wa mutane hanya.

Da na sauko ta ce, "Ana hango gida?"

Na ce ba a hangowa.

Ta ce, "To ba komai. Ɗaga ni."

Da muka dawo 'yan uwanta suka wuce da ita Gella. Kullum ina cewa Lahadi zan shiga mota in je. Ban sake ganinta ba.

Ta bar 'yan mata biyu, Rahila da Saratu, babansu ya riga ta tafiya. Ƙaramar ce ta kira ni, tana tambaya ko zan zo in ɗauke kayan mutane da ke shagonta. Ban san me zan ce wa yaran nan ba. Wallahi ban san ta ina za su fara ba.

Kada kowa ya ce mini in yi haƙuri yau. Gobe ma ban sani ba.

Allah, Kai ka san abin da baiwarka ta yi mini. Ka dubi marayunta, Ka ba su wanda zai riƙe su.

Duk wanda ya karanta, a masallaci kake ko a coci, don Allah ka sa Rahila da Saratu a addu'a.